Fashin baƙi: Neman lamunin gida a Kaduna idan ɗaya na albashi, ɗaya na jiran kasuwa

A gidaje da dama a Kaduna, ta ƙofa biyu kuɗi ke shigowa. Uwargida ma'aikaciyar jinya ce ko malamar makaranta, ƙarshen wata ya yi alat ya shigo. Maigida kuwa yana da shago a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko yana walda a Panteka, ko ɗan kwangila ne da ke zaman jiran kuɗin aikin bara. A wani gidan abin a juye yake: miji ne ma'aikacin gwamnati, matar na ɗinki ko tana sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp. Idan aka tara na shekara, sau tari mai kasuwar ya fi mai albashin samu nesa ba kusa ba. Amma ranar da suka zauna gaban jami'in banki neman lamunin sayen gida, takardar albashi ake fara nema, shi kuwa mai kasuwar sai a riƙa yi masa tambayoyi kamar bai taɓa riƙe miliyan ɗaya a hannunsa ba.

Wanda aka yi wa haka yakan ɗauke shi raini. Shi banki bai damu da nawa aka samu bara ba. Yana neman hujja ce a rubuce cewa kuɗi zai ci gaba da shigowa duk wata, har shekara 15 ko 20 ko 30. Albashi yana zuwa da hujjarsa: ga takardar ɗaukar aiki, ga ta tabbatarwa, ga takardun albashin watannin baya, kuma ana iya cire kuɗin tun daga tushe kafin ya taɓa hannun mai shi. Ciniki ba ya da ko ɗaya a ciki. 'Yan shekarun nan ma sun ƙara wa bankuna abin faɗa. An yi kullen korona a 2020, wanda Kaduna na cikin jihohin da suka fi tsananta shi. An rushe kasuwanni domin sake gina su, har da Kasuwar Barci. An yi ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, kuma a daminar shekarar cuta ta cinye citta a Kachia da Jaba da Kagarko, ta durƙusar da manoma da dillalai tare. Shi ma albashin ba wahayi ba ne, malaman firamare sama da dubu 21 da aka sallama bayan jarrabawar 2017 shaida ne. Sai dai a ma'aunin banki, har gobe ya fi shago nauyi.

Lamunin da matsakaicin ma'aikaci zai iya ɗaga ido ya kalla shi ne na Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, wanda doka ta kafa a 1992, yake kuma hannun Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN. Ma'aikaci na zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa duk wata, wanda ya yi zubin aƙalla wata shida ya cancanci nema. Ruwan kashi 6 cikin ɗari ne a shekara, wa'adin biya yana iya kaiwa shekara 30, kuma ta hannun bankin lamunin gidaje mai lasisi ake bi. Iyakar abin da ake bayarwa ta daɗe a miliyan 15 kafin a ɗaga ta zuwa miliyan 50. A bankunan kasuwanci kuwa, ruwan ya haura kashi 20, wa'adin kuma gajere ne. Ga bambancin a aljihu: duk miliyan ɗaya da aka ci a kashi 6 na shekara 25, kusan N6,400 za a riƙa biya a wata. Miliyan ɗin nan a kashi 25 na shekara 10, kusan N22,700 ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda ya kamata iyali su fara ƙwanƙwasa ƙofa.

Abin da masu sana'ar kansu da yawa ba su sani ba shi ne, asusun nan ba na ma'aikatan gwamnati kaɗai ba ne. Tela da direba da mai shago duk suna iya yin rajista su riƙa zubi. Tunda masu zubi ake bai wa lamunin, mijin ko matar da ba ta zubi ba ta da yadda za a yi a saka samunta a lissafi, komai yawansa. Shi ma mai albashin ya bincika ko abin da ake cire masa yana isa asusun, domin ganin an rubuta a takardar albashi daban, isar kuɗin daban.

Ƙa'idar da ke yanke hukunci ita ce ta sulusi: abin da za a riƙa biya duk wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigowa. A ɗauka, a matsayin misali, uwargida na karɓar N180,000 bayan an gama cire-cire. Sulusinta N60,000 ne. A kashi 6 na shekara 25, wannan zai ɗauki bashin kimanin miliyan 9.3. Wanda ya san farashin gida mai cikakkiyar takarda a Kaduna yau ya san miliyan tara ba ta kai mutum Malali ko Unguwar Rimi. Idan kuma shekarunta 45, saura mata 15 ta kai 60, wato shekarun ritayar yawancin ma'aikatan gwamnati, ko ma ƙasa da haka idan za ta riga cika shekara 35 tana aiki. Wa'adin ya gajarta ke nan, bashin da sulusin zai ɗauka ya sauko kusan miliyan 7.

A nan ne ido ke komawa kan maigida. A ce shi kuma wani watan yana tashi da ribar N500,000, wani watan da ƙyar ya haɗa N80,000, idan aka raba na shekara ya kama N250,000 a wata. Da banki zai karɓi wannan gaba ɗaya, an sami N430,000, sulusi ya zama kusan N143,000, bashin ya haura miliyan 22. Idan rabi kawai ya yarda da shi, a tsaya wajen miliyan 15 da wani abu. Idan bai yarda da ko sisi ba, an koma miliyan tara. Gida ɗaya, mutum biyu, samu ɗaya, amma amsa uku, gwargwadon abin da takarda ta iya nunawa.

To me takardar ke nunawa? Jami'in banki zai nemi bayanin asusun mai kasuwa na shekara guda, wani lokaci biyu, ya bi shi wata-wata. Abu na farko da yake yi shi ne raba ciniki da riba, kuma a nan ake yawan samun saɓani. Alhaji zai ce, "Ranka ya daɗe, ka duba da kyau, miliyan biyar ke ratsa asusun nan duk wata." Gaskiya ne, amma huɗu da rabi na masu kaya ne a Kano ko Legas, wani na adashin 'yan layi ne da aka ba shi ajiya, wani kuma ƙaninsa ne ya turo a kai wa Hajiya. Mai POS ya fi kowa shiga wannan hali, kuɗin jama'a ne ke shiga da fita, nasa ɗan ladan ne. Sai matsala ta biyu, wadda ta fi ta farkon yawa: rabin cinikin da tsabar kuɗi ake yinsa, daga aljihu zuwa aljihu, bai taɓa ganin banki ba. Sauran kuma a warwatse yake tsakanin OPay da Moniepoint da asusun yaron shago. Duk abin da bai bar sawu ba, a wurin banki bai faru ba.

Gyaran wannan ba aikin mako biyu ba ne. Aƙalla shekara guda kafin a nemi lamunin, shago ya sami asusunsa shi kaɗai, da sunan da aka yi wa rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kuma duk ciniki, har na tsaba, ya bi ta nan. Daga wannan asusu mai shagon ya yanka wa kansa wani adadi tsayayye, ya riƙa tura shi asusunsa na kansa rana ɗaya a kowane wata, ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba. Ya zaɓi adadin da zai iya riƙewa har a watan da kasuwa ta mutu. N100,000 da ta shigo sau goma sha biyu ba fashi ta fi N600,000 da ta leƙo sau biyu daraja a idon mai tantancewa. Rasit da littafin shago da takardar hayar rumfa duk suna ƙara nauyi. Masu ba da shawarar a aro kuɗi a yi ta juya su cikin asusu wata uku kafin a je banki ba su taimaki kowa ba. Jami'an sun saba ganin irin wannan, kuma ko da ya wuce, mutum kansa ya ɗora wa bashin da ya fi ƙarfinsa.

Akwai kuma haraji, inda da yawa ke ja da baya. Ana neman takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekara uku da suka gabata, kuma a jihar nan hukumar KADIRS ce ke bayar da ita. Na mai albashi an riga an cire. Mai kasuwar da ya shekara uku yana faɗa wa masu haraji cewa da ƙyar yake ci, ba zai zo banki da wannan takarda ya ce yana samun miliyan uku a shekara ba. Dole ya zaɓi labari ɗaya. Haka nan za a duba sunan kowa a kamfanonin adana tarihin masu bashi, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Ɗan bashin N30,000 da aka ci a manhajar waya aka share yana iya fitowa, kuma idan neman na haɗin gwiwa ne, tabon ɗaya yana ɓata takardar duka biyun. Gara kowa ya faɗa wa abokin zamansa abin da ake binsa tun a ɗaki, kafin ya ji daga bakin baƙo a ofis.

Ra'ayina a nan ya saɓa wa abin da yawancin masu nema ke fata. Ko da banki ya yarda ya ƙirga samun mai kasuwa gaba ɗaya, bai kamata iyali su karɓi duk abin da aka miƙo ba. A koma kan misalin nan. An ci miliyan 22, ana biyan N143,000. Watan da maigida ya tashi da N80,000, abin da ya shigo gidan N260,000 ne, bashi ya kwashe fiye da rabi, saura N117,000 a ci abinci, a biya wuta, a sayi mai, a kai yara makaranta. Irin wannan wata kuwa ba ya zuwa shi kaɗai. Tela ya san bayan Babbar Sallah sai a hankali, magini ya san tsakiyar damina, ɗan kwangila ya san biya na iya shekara bai fito ba. Auna bashin shekara 25 da matsakaicin samu kamar auna Kogin Kaduna ne a watan Agusta a ce haka zai kasance har Maris. Ma'aunin da ya dace shi ne albashi, a ƙara masa abin da shago ke bayarwa a watansa mafi muni, ba ƙari.

Wannan ba ya nufin kuɗin kasuwa ba shi da aiki. Aikinsa ma ya fi girma, sai dai a wani wuri. Shi ne zai tara kafin alƙalami, wato kason da mai saye ke ajiyewa daga aljihunsa, kuma duk miliyan ɗaya da aka ƙara a nan an rage N6,400 a wata har shekara 25. Shi ne zai biya lauya da mai kimanta gida da rajista da inshora, waɗanda ba su cikin lamunin kuma sukan zo wa mutane ba shiri. Shi ne zai tara ajiyar biyan wata shida a gefe, wadda ba a taɓa ta don biki ko sarin kaya. Kwasar adashi da ribar kaka da cinikin Sallah kuma su tafi rage uwar kuɗi. Sai dai tun kafin a sa hannu a tambaya ko ana cin tara idan an biya kafin lokaci, kuma a ga amsar a rubuce. Mai albashin ma yana da abin kawowa a nan: tun Satumban 2022 hukumar fansho ta PenCom ta ba da damar a ɗebi har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun fansho a yi kafin alƙalamin gida, ga wanda ya yi zubin wata 60 kuma ya rage masa aƙalla shekara uku ya yi ritaya. Ma'aurata na iya haɗa nasu idan kowanne ya cika sharaɗin. Illarsa a fili take, fanshon tsufa ne aka rage.

Da yawa daga masu karanta wannan tun daga jin kashi 6 sun riga sun rufe maganar, domin kuɗin ruwa komai ƙanƙantarsa ba su taɓa shi. Akwai hanya: bankunan da ba su mu'amala da ruwa. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, kuma irin waɗannan bankuna da ciniki ko haya ko tarayya suke aiki: banki ya sayi gida ya sayar maka da riba sananniya, ko ya ba ka haya har ka mallaka, ko ku yi tarayya kana sayen kasonsa kaɗan-kaɗan. FMBN ma yana da tsarin haya har a mallaka, da nau'insa marar ruwa. Amma kada mai kasuwa ya zaci zai sami sassauci a can. Bayanin asusun nan da takardar harajin nan su za a nema, kuma abin biya a wata ba lallai ya fi sauƙi ba.

Sai batun da ba a son tayarwa a gida, alhali ya fi duk lissafin nan hatsari: sunan wa za a rubuta. Hanya mafi sauƙi ita ce mai albashi ya nema shi kaɗai, gidan ya fito da sunansa, mai kasuwa ya taimaka ta bayan fage. Banki ya fi son haka, aiki ya fi sauri. To amma a duba abin da ke biyo baya. Idan miji ne mai albashin, matar ta zuba jarin ɗinkinta da gadonta da sarƙarta a kafin alƙalami, takarda kuwa sunansa kaɗai. Ranar da ya rasu ya bar 'ya'ya, a rabon gado na Musulunci tumuni ne nata, ɗaya bisa takwas, idan kuma akwai abokan zama su raba tumunin tare. Abin da ta zuba ya narke cikin dukiyar mamaci, sai fa idan tana da hujjar da alƙali zai karɓa. Idan saki ne ma haka. A juya shi kuma: gida da sunan matar saboda ita ce mai albashi, miji ya kwashe ribar shekara goma ya zuba. Ta rasu ta bar 'ya'ya, rubu'i ne nasa, iyayenta kowanne na da sudusi. Iyalan Kirista a Barnawa ko Sabon Tasha dokar da ke kansu daban ce, amma su ma idan magana ta kai kotu, hujjar abin da kowa ya zuba ake tambaya.

A shari'a dukiyar mace tata ce, aure bai mayar da ita ta miji ba, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Duk da haka, a gidajenmu mace ta ce, "Maigida, a rubuta abin da na bayar," sai a ce ba ta yarda da mijinta ba, ko an zuga ta. Ni ina ganin mijin ne ya kamata ya riga ta kawo maganar. Ko dai sunayen biyu su hau takardar mallaka, ko lauya ya rubuta yarjejeniya mai shaidu da ta fayyace kason kowa, ko kuma ta ce abin da ɗaya ya bayar rance ne ko kyauta. Kowanne aka zaɓa, a bayyana shi tun kowa na raye kuma ana shiri.

Haɗin gwiwar ma yana da nasa nauyin. Wanda ya sa hannu tare, ko ya tsaya wa ɗaya, ana iya binsa bashin dukansa idan biya ya tsaya. Tun Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ke bai wa banki damar bin lambar BVN ya cire kuɗinsa daga asusun mai bashi a wasu bankunan, har da asusun haɗin gwiwa. Ɗan kasuwar da ya ajiye kuɗin sari a irin wannan asusu zai iya wayar gari ya tarar an biya bashin gida da jarinsa. Shekarun haihuwa ma na shiga: idan ɗaya ya girmi ɗaya sosai, wa'adin yakan bi na babban.

Duk wannan kuwa sai gidan kansa ya ci jarrabawa. Gidaje da filaye masu yawa a Rigasa da Rafin Guza da sauran sababbin unguwanni da takardar ciniki da sa hannun mai unguwa aka saye su. Banki ba ya karɓar wannan jingina. Takardar shaidar mallaka yake so, wadda ke fitowa ta hukumar KADGIS, da izinin gini na KASUPDA, sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin jinginar ta tabbata. Kada a miƙa wa dillali ko sisi kafin lauya ya bincika fayil ɗin. Tun 2017 kuma jihar na da dokar jingina da ta tsara yadda mai ba da lamuni zai sayar da gidan da aka kasa biya, don haka zancen "ai ba za su kore mu ba" ba abin dogaro ba ne.

Inshorar da ake ɗorawa kan lamunin iri biyu ce, ta gobara da ta rai, kuma akwai kamfanonin takaful ga mai son tsarin Musulunci. Ta rai tana biyan sauran bashin ne idan wanda aka rubuta sunansa ya rasu. Idan mai albashi kaɗai aka rubuta, sai mai kasuwar da ke ɗauke da cefane da kuɗin makaranta ya riga shi tafiya, kamfanin ba zai biya komai ba, bankin kuma zai ci gaba da cire sulusinsa duk wata daga albashin da yanzu shi kaɗai ke riƙe da gidan. Ana iya neman a saka sunayen biyu, ko a yi wa mai kasuwar tasa daban, kuma kafin a sa hannu a takardar tayin lamuni ake yin wannan magana.